Kaset ɗin da Mai Unguwa Ya Zaɓa

Kwanan baya wasu samari suka same ni a ƙofar gida, suka miƙo mini waya, wai in ga aikinsu. Sun ɗauki wani tsohon fim na Turawa, sun cire maganar ciki, sun ɗora tasu da Hausa, suna tura wa abokansu. Ɗaya daga cikinsu ya ce, “Baba Isaka, sana'arku muka gada. Ashe ba wuya, surutu ne kawai.” Na karɓi wayar na duba. Tun kafin motar da ke cikin hoton ta bar ƙofar gida na gane fim ɗin: mutumin nan mai sanƙo da ya kwashi iyalinsa zuwa hutu a wata ƙasa ta bakin teku. Na fassara shi a gaban jama'a har ban san iyaka ba. Na mayar musu da wayarsu, na ce aikin bai yi ba. Ba su ji daɗi ba. To ga dalili a rubuce, daki-daki, don wanda yake so ya koya.

Na yi aikin fassarar fim a rumfar kallo ta Nomau, bayan tasha, a nan Dakoro. Nomau shi ne mai kayan, shi ne kuma maigidana. Rumfar ta zana ce, mun lulluɓe ta da buhunan da muka farke muka ɗinke don kada haske ya shigo. A ciki akwai benci-benci, da tabarmi a gaba, da dogon tebur inda tele take zaune da bidiyo a ƙarƙashinta. Gurup, injin da ke ba mu wuta, yana can baya cikin rami don kada ƙararsa ta danne magana. Kayan aikina mikoro ne, abin ƙara murya, da maƙogwaro. Na Nomau kuwa maɓallin murya da faifai. Idan mutanen fim suna magana sai ya rage murya in shiga. Idan mota ta yi karo ko kwanuka sun zube sai ya ƙara. Faifan kuma na rufe fuskar tele ne duk inda aka zo wurin da bai kamata ido ya gani ba. Yana rufewa, ni ina ci gaba da ba da labari har a wuce.

Da na fara, ban taɓa mikoro ba sai da damina ta zagayo. Aikin farko shara da yayyafa ruwa. Bayansa goge kan bidiyo da auduga da alkol na likita, domin rairayin garin nan babu inda ba ya shiga. Bayansa mayar da zaren kaset baya da ƙotar cokali, don kada a ƙona esansi, man gurup, a banza. Ranar da bidiyo ta tauna zare, Nomau ya zaunar da ni ya nuna mini yadda ake yanke wurin da ya lalace da reza, a haɗa baki biyu da jan farce, a jira ya bushe. Sai da na iya waɗannan sannan ya ce in riƙa zama kusa da shi muna kallon kowane sabon kaset da rana, mu biyu, kafin jama'a su gani. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai yi nisa ba. Faransanci ina kama kalma nan da can, yaren Indiya da na Sin kuwa ko ɗaya. Nomau ya ce ba da kunne ake fassara ba. “Dubi wanda ya fara zama. Dubi wanda ya sadda kai. Dubi wanda anka fara ba ruwa. Kafin su buɗe baki ka san wa ya girmi wa.” Bayan nan sai ka ba kowa suna irin namu, ka ba shi dangi, domin mutumin da ya sayar da akuyarsa ya shigo kallo ba zai bi labarin mutanen da bai san matsayinsu ba.

Masu kallon ma ba ɗaya ba ne, kuma dole ka san su kafin a tada gurup. Ƴan dako da direbobi suna son magana ta zo da sauri, da tsiya a ciki. Manoman Ɗan Gulbi da Ajekoriya da ke kwana ranar kasuwa suna son a maimaita musu wane ne wane. Makiyayan da ke saukowa daga wajen Azagor a benci na baya suke zama, ba su dariya da ƙarfi, kuma idan an tashi sai ɗaya ya tsaya ya tambaye ka ko wanda aka harbe ɗin ya mutu da gaske. Wata ranar kasuwa zare ya tsinke saura kaɗan a gama wani fim na faɗa, rumfa cike, wasu har sun miƙe suna neman Nomau. Ya ɗora faifai a kan tele ya ce mini, “Ƙarasa musu.” Na ƙarasa da baki, naushi bayan naushi, har aka kama mugun. Ba wanda ya fita. Wanda yake cewa surutu ne kawai, ya gwada wannan.

Shi fim ɗin mai sanƙo daga Maradi Nomau ya kawo shi, da Faransanci ake magana a ciki. Tun a lokacin tsoho ne, launinsa ya koɗe. Labarin ba shi da yawa. Mutum ne da matarsa da ɗansu da ƴarsu, sun ɗaure kaya a saman wata ƴar mota har ta durƙusa, sun nufi ƙasar da ba su jin yaren mutanenta. A kan iyaka ƴan duwan, masu binciken kaya, suka sa ya kwance kayan duka, akwati ya fashe a kansa. A otel wata ƙofa mai juyawa ta kama shi ta yi ta zagayawa da shi. A gidan abinci ya nuna wani abu da yatsa, aka kawo masa ƙaguwa mai rai, ta kama masa hanci. Ya kafa tanti, iska ta tafi da shi yana ciki.

Hukuncina a kansa shi ne, farkonsa yana da ƙarfi, tsakiyarsa tana da sanyi. Wurin da suka shiga gidan tsofaffin gumaka suna ta surutu, a nan masu sayen goro ke fita. Matar ba a ba ta aiki ba sai riƙe baki da dukansa da jaka. Amma mai sanƙon ma'aikaci ne. Ba ya dariya ko sau ɗaya. Yana faɗuwa da jikinsa duka, ya tashi ya gyara wuyan riga kamar wanda ya fito daga ofis. Abin dariyar ke nan, kuma a nan samarin nan suka ɓata aikinsu, suna surutu a kan faɗuwa. Ba a magana mutum yana cikin iska. Ka yi shiru, ka bar shi ya kai ƙasa, ka bar ƙarar ta fita, sannan ka sa magana ɗaya gajeriya. Ni tawa ita ce, “Baba ya sauka lafiya.” Kowace faɗuwa ita nake faɗi, har ta kai jama'a suna riga ni.

Sai shekarar da gero bai yi ba. Samari suka tafi ci-rani tun ba a gama girbi ba. Dabbobin da ake kawowa kasuwa ƙashi da fata. Benci rabi babu kowa, wata rana ma ba mu tada gurup don abin da za a samu ba zai mayar da esansi ba. Gida biyu ke ci daga rumfar nan, na Nomau da nawa, kuma babu mai dami ko ɗaya a rumbu. A irin wannan shekara mutane ba su son jin dariya tana fitowa daga bayan zana.

Wata ranar kasuwa Alhaji Ila, babban mai sayar da hatsi, yana saman kamyo, babbar motar kaya, yana duba buhunan masara da aka kawo masa daga Maradi. Ƙafarsa ta zame, ya gangaro da buhu biyu a bayansa, hula gefe, takalmi gefe. Ɗansa na fari, Lawali, saurayi ne da ba ya fashin rumfarmu, yana tsaye kusa. Kafin ya san abin da yake yi ya ce, “Baba ya sauka lafiya.” Ƴan dako suka kwashe da dariya. Alhaji bai ji ciwo sosai ba. Ya tashi, ya ɗauki hularsa, bai dubi yaron ba, ya wuce kai tsaye gidan mai unguwa Arzika.

Bayan la'asar aka kira mu zaure, ni da Nomau.

“Nomau,” in ji mai unguwa, “an ce rumfarka ta fara koya ma ɗiya su yi ma uwayensu dariya a tsakar kasuwa. Alhaji ya ce a rufe ta yau. Ni ban taɓa shiga ba, kuma ba ni yanke hukunci kan abin da ban gani ba. Gobe da hantsi za mu zo. In na ga abin da Alhaji ya faɗi, ku kwance zanarku.”

“Ranka ya daɗe, za mu zaɓo muku mai kyau.”

“Ba ku za ku zaɓa ba.”

Ya sa aka bi mu aka ɗauko kwalin kaset ɗin duka, ya kwana a zaurensa.

Da hantsi suka iso: mai unguwa, da limamin unguwa, da Alhaji Ila, da Mushe Abdu, tsohon malamin lakwal da ya bar aiki. Shi an kawo shi ne ya zama kunnensu, don yana jin Faransanci. Mai unguwa ya zauna ya jawo kwalin gabansa, yana ɗaga kaset yana duba hoton da ke jiki. Mai bindiga ya ajiye gefe. Mai ƙirji a waje ya ajiye gefe. Mai mata suna rawa bai ma gama duba shi ba. Sai ya ɗago ɗaya ya juya shi wajen haske.

“Ga mutum da iyalinshi da ƴar motarsu. Ba bindiga, ba tsiraici. Wanga za mu gani.”

Na mai sanƙo ne. Mai unguwa bai san daga cikinsa maganar kasuwa ta fito ba, Alhaji ma bai sani ba. Nomau ya karɓa da hannu biyu, ya sa a bidiyo, ya fita baya jan igiyar gurup.

Lokacin da yake jan igiyar shi ne duk lokacin da nake da shi. Na lissafa abin da ke gabana. Mutumin nan faɗuwa yake daga farko har ƙarshe, yaran suna yi masa dariya a fuska. Faifai ba zai rufe wannan ba sai dai a rufe fim ɗin duka. Hoto ba zan iya canja shi ba. Abin da ke hannuna dangantaka ce. A garin nan akwai mutumin da aka yarda yaro ya yi wa dariya ido da ido, ya ja masa riga, ya ɓoye masa takalmi, ba mai cewa ba shi da tarbiyya. Mijin yayarsa.

Gurup ya tashi, Nomau ya dawo, hoto ya fito, mai sanƙo yana loda kaya. Na ɗaga mikoro na ce, “Wannan mutum sunansa Bawa. Ga matarsa. Waɗannan biyun ƙannenta ne, uwarsu ta ce ba za a tafi da yayarsu wata ƙasa ba sai da su.”

Nomau ya juyo ya dube ni. Ban dube shi ba. Na dai ga hannunsa ya koma kan maɓalli, ya rage muryar fim ɗin fiye da yadda ya saba.

“Ya shiga uku,” in ji liman. “Ƙannen mata biyu a mota guda.”

A kan iyaka akwati ya fashe, mai sanƙo ya taka sabulu ya tafi ƙasa. Bakina ya buɗe da kansa, maganar da na saba ta zo har haƙora. Na haɗiye ta. Na sa wa yarinyar magana: “Yaya, wanga mijin naki ko tsayuwa bai iya ba. Wa ya karɓi sadakinshi?” Mai unguwa ya murmusa. Alhaji Ila yana ƙarshen benci da tasbaha a hannu, fuskarsa ba ta motsa ba.

“Nomau, ƙara murya,” in ji Mushe Abdu. “An kawo ni in ji, ba in ga leɓe yana motsi ba.”

Nomau ya ƙara kaɗan.

“Ƙara.”

Ya ƙara. Daga nan Faransancin ya fito fili, ni ina magana a kansa, Mushe yana jin duka biyu. Ya taɓa koyar da ni a aji. Ya san iyakar abin da nake ji, ni kuma na san babu kalmar da za ta wuce shi.

Da ƙofar otel ta kama mai sanƙo, yaron ya bi shi yana kiran “papa, papa”. Wannan ko wanda bai taka lakwal ba ya san ta.

“Yaron nan uba yake kira,” in ji Alhaji. Ita ce maganarsa ta farko tun da ya shigo.

“Tsiya ce, Alhaji,” na ce, ban sauke mikoro ba. “Saboda sanƙon. Wai ya tsufa da auren yayarsu.”

“Haka suke,” in ji mai unguwa. “Ni ƙanen uwargida har yau tsoho yake ce mini, alhali shi ya riga ni zubar da haƙora.”

Mushe ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar.

Da suka isa bakin teku Nomau ya ɗora faifai kafin ƙafar farko ta bayyana.

“Mi ke bayan faifan?” mai unguwa ya tambaya.

“Mata ne ba su gama shiri ba, ranka ya daɗe.”

“Kullum haka kuke rufewa, ko don mun zo?”

“Dubi faifan,” in ji Nomau. Tsakiyarsa ta yi baƙi saboda zafin tele, gefensa ya suɗe wurin da yatsu ke riƙewa. Liman ya gyaɗa kai.

Zafi ya cika rumfar, riga ta manne mini a baya. Ƙarar gurup da rana kuma ta jawo mutane. Ina jin motsinsu a bayan zana, ƴan dako da masu shayi, mutanen da suka haddace fim ɗin. Ba su ganin hoto, amma suna jin kiɗa, kuma da kiɗan suka san inda aka kai.

Wurin da na fi tsoro yana kusa da ƙarshe. Hutu ya ƙare, mai sanƙo ya hau saman mota yana ɗaure kaya, ya ja igiya ta tsinke, ya gangaro da akwati biyu a bayansa, hula gefe, takalmi gefe. Wanda ya ga faɗuwar Alhaji daga kamyo ya ga wannan. A nan dokar yin shiru ta zama haɗari, domin shirun da zan bari, na bayan zana za su cika shi. Ranar kaɗai na karya dokar. Tun yana cikin iska na ɗaga murya na ce, “Yaya, a mayar da shi gidansu a ba mu wani, wanga ya lalace tun ba a je ko'ina ba.” A waje na ji wani ya fara, “Baba ya…” Nomau ya murɗa maɓalli har ƙarshe, ƙarar akwatuna ta cika rumfar ta danne sauran. Liman ya yi dariya har ya riƙe ciki. Mai unguwa yana share ido da bakin rawani. Alhaji kuwa tasbaha ta tsaya a hannunsa.

Na ɗauka mun haye. Saura wuri ɗaya, wanda ban taɓa ba shi muhimmanci ba don a nan jama'a ke fara neman takalmansu. A hanyar komawa sun shiga jirgin ruwa da motarsu. Yaron ya leƙa da yawa ya faɗa ruwa. Mai sanƙo, wanda tun farkon fim ko ƙafa ba ya yarda ya sa a teku, ya bi shi da riga da takalmi. Ya fito da shi gaɓa. Yaron ya rungume masa wuya, shi kuma ya sa tafinsa a ƙeyar yaron ya danna kansa a ƙirji. Na ce, “Bawa ya ceci ƙanen matarsa.”

“Tsaida,” in ji Alhaji.

Nomau ya danna, hoton ya tsaya yana ɗan rawa. Alhaji ya tashi ya matsa har gaban tele.

“Wanga ba riƙon ƙanen mata ba ne. Ƙanen mata hannunshi akan kama a jawo shi. Ku dubi inda ya sa tafinshi. Mushe, mi ne ne yaron nan gare shi?”

Mushe ya dube ni, sannan ya dubi Alhaji. “Ɗanshi ne. Ita ma yarinyar ɗiyarshi ce.”

“Tun daga farko?”

“Tun daga farko.”

Mai unguwa ya juyo gare ni, dariyar ta bar fuskarsa. “Isaka, mu ka zaunar ka yi ma ƙarya?”

“Ranka ya daɗe, duk wanda ya shigo rumfar nan ba Bature yake ji ba, ni yake ji. In na ce uba ne, uba ne. Yau na ce mijin yaya ne, kun yi dariya, ba wanda ya ji kunya. Hoton ɗaya ne.”

“Ashe daga nan ta fito,” in ji Alhaji, har yanzu idonsa na kan tele. “Maganar da yaron can ya faɗa mini a kasuwa, Baturen ne ya faɗe ta?” Ba ya kama sunan Lawali, saboda ɗan fari ne.

“Babu ita a Faransancin,” in ji Mushe.

“Tawa ce,” na ce.

Nomau ya fita ya kashe gurup. Ya dawo ya fara naɗe waya ba tare da an ce masa ba.

“Alhaji, kai anka yi ma,” in ji mai unguwa. “Na ce in na ga abin da ka faɗi za a kwance zana. Na gani. Faɗi a yi.”

Alhaji ya juyo daga gaban tele. Can ya ce, “A bar rumfar ta kwana. Gobe war haka zan zo da yaron. Ka sa wanga kaset ɗin tun daga farko. Kada ka ce mishi ƙanen mata ne. Ka faɗa mishi ɗanshi ne. Bayan nan in faɗi abin da za a yi.”

Wannan ita ce fassarar da ta fi kowace wuya a aikina. Uban yana nan uba, faɗuwar tana nan faɗuwa, babu dangantakar da zan canja, kuma maganar da na saba ta haramta. Suka zo su biyu, Alhaji a wannan ƙarshen benci, Lawali a wancan, tsakaninsu wurin zaman mutane da yawa. Abin da na yi shi ne na bar yaran fim ɗin da dariyarsu, na bi uban. Duk faɗuwa sai in yi shiru har ya tashi ya gyara wuyan rigarsa, sannan in faɗi abin da ya tashi zai yi. “Ya tashi, zai tattara kayan matarsa da na yara, nasa ne na ƙarshe.” “Ya tashi, zai je nemo musu wurin kwana.” “Ya tashi, zai biya abincin da bai ci ba, su sun ƙoshi.” Ban ƙara komai ba, duk yana cikin hoton. Mutane dariya suke zuwa saye, shi ya sa ba a tsayawa a kansa.

Da ƙaguwa ta kama hancin mai sanƙo, Alhaji ya yi dariya shi kaɗai, gajeriya. Lawali ƙasa yake kallo. A faɗuwar saman mota ba wanda ya yi motsi, ni ma ban ce komai ba, Nomau ya bar ƙarar akwatunan ta fita yadda take. A wurin ruwa na ce, “Bai iya ruwa ba. Ɗansa ne.” Na sauke mikoro.

Da rubutun ƙarshe ya fito Alhaji ya miƙe. Lawali ya riga shi zuwa bakin ƙofa, ya durƙusa, ya juya masa takalmansa. Alhaji ya sa ƙafa bai dube shi ba. Ya tsaya nan ya yi magana yana fuskantar waje.

“Nomau, ka gaya ma mai unguwa na janye. Amma da sharaɗi. Tele ba ta da gida, ba ni iya kai ƙararta. Wanga mai fassara yana da gida, na san ƙofar. Ranar da ba shi ke riƙe da mikoro ba, kada in ji gurup ya tashi.”

Mai unguwa ya tabbatar da sharaɗin, rumfa ta ci gaba, gida biyu suka kai ga damina. Da zazzaɓi na yi fassara. Ranar sunan ɗana na yi. Kaset sai dai Nomau ya je Maradi ya kawo. Mai sanƙo ya ci gaba da zuwa hutunsa bakin teku yana dawowa, ni kuwa har rumfar ta tashi ban ƙara kwana a wajen Dakoro ba.